Ƙulli Goma Sha Tara

Wata bakwai na yi a barandar kotun Puno,
kan wani benci mai ɗingishi,
da littafi, da biron da ke gardama in sanyi ya yi yawa.
Aikina ƙidaya:
wa ya zo, daga ina, nawa ya kashe,
da me ya koma.

Jami'a ta ba ni takarda mai gida goma sha biyu,
kowane gida da tambayarsa.
Shekaru. Sana'a. Nisan tafiya.
Na ɗauka duk wanda ya ƙetare ƙofar nan
zai sami gidan da ya yi masa daidai.

Sai ga Nicasia Limachi,
baƙar hula a ka, ƙunshin dankali a baya,
ta sauko daga tsaunin bayan tafki
tun zakara bai gyara murya ba.
A kan rafi ta kawo ƙara.
Kamfanin haƙar ma'adinai ya karkatar da shi,
ɗan abin da ya rage yana zuwa ja kamar tsatsa,
tumaki suka sha, suka daina tashi.

Na ce, sau nawa kika zo nan?
Ba ta tanka ba.
Ta kwance bakin mayafi, ta zaro zaren ulu,
ta ɗora mini a hannu.
Ƙulli goma sha tara.

Wannan, ranar da tafinta bai zo ba,
aka yi ta yanka da ɗinki a kanta da Sifaniyanci,
ita kuwa da Aimara take mafarki.
Wannan, wai hatimi ya ɓace.
Wannan, alƙali ya tafi taro Lima.
Mai kaurin nan, ranar da ta sayar da tunkiya mai ciki
ta biya mota da kwafin takardu,
tana isowa aka ce sai bayan biki.
Na goma sha ɗaya ba ta ce komai a kansa ba,
ta dai shafa shi da babban yatsa,
ta wuce.

Na duba takardata.
Babu gidan tunkiya.
Babu gidan shiru.

Lauyan kamfani ya iso goma saura kwata,
takalminsa bai taɓa gaisawa da laka ba.
Magatakarda ya miƙe ya karɓar masa jaka,
suna tambayar juna lafiyar iyali.
Doka ɗaya ce ga kowa,
haka aka rubuta a bango da ruwan zinariya.
Ban musa ba. Rijiyar ma ɗaya ce,
sai dai wani ya zo da doguwar igiya,
wani ya zo da ƙishirwa kawai.

Da rana ta yi sanyi ta tambaye ni,
ta bakin jikanta Efraín:
in kin gama ƙirga mu, wa zai karanta?
Na ce malamai, wataƙila 'yan majalisa.
Ta ce, suna shan ruwa?
Na ce suna sha.
Ta ce, to rubuta musu sunan rafin,
bar nawa, ni ina da masu kirana.
Na rubuta a gefen takarda,
inda ba a tanadi wuri ba.

Rahoto ya fito, shafi ɗari biyu da ɗoriya.
Tana ciki, lamba sittin da uku,
ɗigo guda a jikin zane.
An tafa mini a wani zaure
mai ruwan gora a kan kowane tebur.
Aka ce aiki ya yi kyau,
aka ce akwai buƙatar ƙarin bincike.
Sunan rafin bai tsallake hannun mai gyara ba.

Jiya Efraín ya kira ni, layi yana ta yankewa.
An ɗage zama sai bayan girbi.
Ya ce, kaka ta ce a gaya miki
zaren ya ƙare,
ta tsinko wani daga hannun rigar sanyinta
ta ɗaura.